Ta Tashi Garau, Ta Gaji a Hanya: Ina Ƙarfin Tsohuwar Mota Yake Zurarewa?

Ka bar Kano da sanyin safiya a tsohuwar motarka, Golf ce ko 406 ko Corolla 'yar Kwatano. Har ka wuce Kura ba ka ji komai ba, maleji na kan 110, inji na kuka daidai. Wajen Kwanar Dangora sai ka lura ƙafarka ta ƙara nutsewa a kan totur amma gudun bai ƙaru ba. Can ya sauko 90, can 70. Tirelar da ka wuce ɗazu ta zo ta wuce ka. Ka gangara gefen titi a Tashar Yari, ka kashe, ka sha ruwa, ka ɗan miƙe ƙafa. Da ka murza makulli sai ta tashi kamar ba ita ba, ta ɗauki hanya da ƙarfinta. Bayan minti 20 ta koma gidan jiya.

Washegari ka kai ta gareji. Makaniki ya buɗe bonet, ya saurare ta a silo, ya ba ta wuta sau uku, ya goge hannu ya ce, "Alhaji, ai wannan motar lafiyarta ƙalau." Kai ba ƙarya ka yi ba, shi ma ba ƙarya ya yi ba. Ciwon a kan titi yake zaune, ba ya bin mota zuwa gareji. Inji a tsaye ba kaya a kansa, ɗan man da yake sha kaɗan ne, hayaƙin da yake fitarwa kaɗan ne, don haka ko rabin hanyar mai ta toshe ba zai nuna ba. Daga nan ne ake shiga canje-canjen lalube: yau fulogi, jibi famfon mai, mako mai zuwa a wanke nozul, kuɗi na tafiya Kofar Ruwa ko Panteka, mota kuwa tana nan yadda take.

Da farko sai a raba cuta biyu da ake yawan haɗawa. Akwai motar da ƙarfinta ke raguwa a tsawon watanni da shekaru, hawan da take yi a giya huɗu bara yanzu sai a uku, kuma safe da yamma halinta ɗaya. Wannan tsufa ne, za mu dawo kansa. Akwai kuma wadda ke tashi da cikakken ƙarfi ta yi ta sanyin jiki a cikin tafiya guda. Ita wannan ta biyun ba injinta ne ya mutu ba, domin injin da ringinsa ya cinye ba ya warkewa don an huta minti goma a inuwa. Idan ƙarfi na tafiya yana dawowa, to wani abu ne yake taruwa yayin da ake tafiya, yake kuma warwarewa idan an tsaya. Zafi ne, ko datti, ko hayaƙin da ya rasa mafita, ko iskar da ta kasa shiga tanki. Aikin mai bincike shi ne ya gano wanne ne, kuma babbar shaidar da yake da ita ita ce tsawon hutun da motar ke buƙata kafin ta farfaɗo.

Injin fetur abu huɗu yake nema: iska, mai, tartsatsin wuta a kan lokaci, da hanyar fitar hayaƙi. Awon da ya fi ƙonewa tas shi ne kilo 14.7 na iska ga kilo 1 na fetur. Duk wanda aka tauye cikin huɗun nan, ƙarfi ne ke biya.

Mu fara da mai, don shi ne ya fi yawan laifi. A motar injekta famfon mai na cikin tanki, nutse a cikin fetur, kuma fetur ɗin nan shi ne ruwan da ke sanyaya shi. A yawancin motocin shekarun 1990 da 2000 yana tura mai da ƙarfin kusan psi 40 zuwa 50, wato ya ɗan ɗara iskar da mai faci ke sa wa tayar ƙaramar mota. Tsohon famfo da safe yana iya kai wannan awo, amma yana ɗaukar zafi sai ya fara ja da baya, nozul su riƙa fesa ƙasa da abin da inji ke nema. Alamarsa ita ce mota ta fi gajiya a hawa da lokacin da ake son wuce wata, kuma abin ya fi tsanani idan tanki ya yi ƙasa. Wani lokaci za ka ji kukansa daga ƙarƙashin kujerar baya kamar kukan ƙudan zuma. Idan ka lura cewa da zarar ka tsaya gidan mai ka sha lita 20 motar ta warware na tsawon lokaci, to ka kusa kama ɓarawon, domin sabon mai mai sanyi ne ya rufe famfon ya huce.

A nan akwai abin da ya shafe mu musamman. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, mutane da yawa sun koma sayen mai lita biyar, lita bakwai, fitilar tanki a kunne take kwana ta wuni. Ban ga laifin kowa ba, aljihu ne. Sai dai famfon da aka ƙera don ya zauna a nutse yanzu rabinsa a waje yake aiki cikin zafin Afrilu, kuma ɗan man da ya rage shi ne ke ta zagayawa yana ƙara ɗumi.

Datti kuwa nasa salon daban ne. A bakin famfon akwai 'yar raga mai kama da safa. Tankin da ya shekara 25 yana shan man gidan mai da na 'yan bumburutu ba ya rasa tsatsa da laka a gindinsa. Famfo na zuƙa, dattin na manne wa ragar kaɗan-kaɗan har ta kusa rufewa. Ana kashe mota zuƙar ta tsaya, dattin ya saki ya koma ƙasa. Shi ya sa irin wannan motar ba ta buƙatar dogon hutu: minti ɗaya ko biyu a kashe ya isa ta dawo, abin da famfo mai zafi ba zai yi ba. Filtar mai ta waje ma haka take yi idan ta cika. Wanda ya sa sabon famfo bai sauke tanki ya wanke ba, ya bar jaki yana dukan taiki, sabon ma zai bi sawun tsohon. Kuma ba kullum laifin tanki ba ne. Direbobi ba su manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Beljiyam ya bazu a gidajen mai. Idan ciwon ya fara ne daidai bayan shan mai a wani sabon wuri, a fara zargin man kafin a zargi ƙarfe.

Akwai wani ɗan gwaji da ba ya cin ko sisi, amma da wuya ka ga an yi shi. Man da ke fita daga tanki dole iska ta maye gurbinsa ta wata 'yar hanya da aka tanada. Idan hanyar ta toshe, tanki zai zama kamar jarkar da ake tsiyaya ba a huda ta ba, famfo na ja, tanki na riƙewa. Lokacin da motar ta gaji, tsaya ka buɗe murfin tanki. In ka ji doguwar zuƙar iska tana shiga ciki, kuma motar ta dawo da ƙarfinta nan take ba tare da wani hutu ba, magana ta ƙare.

Masu kafireta, irin 504 da aka fara haɗawa a Kaduna tun 1975 da sauran tsofaffin da har yanzu ke jigilar kasuwannin ƙauye, nasu famfon a jikin inji yake kuma ƙarfinsa kaɗan ne ƙwarai. A zafin Sakkwato ko Maiduguri, inda rana ke haura digiri 40, fetur na iya tafasa a cikin bututu ya zama tururi, famfo kuwa ba ya iya tura tururi. Tsofaffin direbobin da ke jiƙa tsumma su ɗora a kan famfo sun san abin da suke yi, ko da ba su san sunansa a littafi ba.

Sai salansa, wadda a ganina ita ce aka fi zalunta da rashin bincike. Kowa na duba abin da ke shiga inji, ba a cika tuna abin da ke fita ba. A cikin bututun hayaƙi akwai tukunyar tace guba wadda makanikai ke kira indomi, saboda cikinta ya yi kama da dunƙulen taliyar. Yumɓu ne mai dubban ƙananan ƙofofi, an shafe shi da ƙarafa masu tsada irin su filatinom da faladiyom da rodiyom. Amurka ta fara sa ta a motoci daga 1975, Turai ta wajabta ta a farkon shekarun 1990, don haka kusan duk 'yar Kwatano da ita take zuwa. Idan inji ya daɗe yana mis, wato wata silinda ba ta ƙona manta, ɗanyen fetur na wucewa ya je ya ƙone a cikin tukunyar har yumɓun ya narke ko ya farfashe. Idan inji na shan baƙin mai, tokarsa ce ke liƙe ƙofofin. Ko ta wace hanya, hayaƙi ya rasa mafita, ya dawo ya cika silinda, sabuwar iska ta rasa wurin zama. Ka kwatanta da mutumin da aka ce ya yi gudu yana fitar da numfashi ta tsinken shan lemo.

Halin irin wannan motar shi ne ba ta fizga, ba ta tari, kawai nauyi take yi. Ka taka totur har ƙasa ka ji inji na gurnani a shaƙe amma gudun ya tsaya a wani mizani ya ƙi wucewa, kuma mizanin na ƙara sauka yayin da tafiya ke nisa, domin gutsattsarin yumɓun na ƙara cushewa a wuri guda. Ƙasan motar kan yi zafi fiye da kima, wani lokaci a ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, da dare ma akan ga tukunyar ta yi ja. Gwajinta mai sauƙi ne ga wanda ke da gejin zuƙar iska. Lafiyayyen inji a silo yana nuna inci 17 zuwa 21. A riƙe wuta a kan juyi 2,500 a minti, allura ta tsaya cak a wurinta. Idan ta fara zamewa ƙasa a hankali, salansa ta toshe. Wanda ba shi da geji yana iya kwance sensar da ke gaban tukunyar don hayaƙi ya samu ƙofa, a ɗan zagaya da motar na 'yan mintuna kaɗai. Za ta yi ƙara kamar janareta, amma in ƙarfi ya dawo an san inda gizo ke saƙa.

A nan sai mai mota ya buɗe ido, domin indomi kaya ne mai kasuwa, akwai masu sayenta saboda ƙarafan cikinta. Ba kowane "Oga, a fasa a cire kawai" ne shawara don Allah ba. Kada a yarda a taɓa ta sai an yi gwajin a gabanka. Idan kuma ta tabbata ta mutu, a tuna cewa ba ta mutuwa da kanta, wani abu ne ya kashe ta. A cire ta a bar mis ɗin da ya narkar da ita, an dawo da gudu amma inji na nan yana zubar da fetur, hayaƙin kuma ya koma huhun masu tafiya a ƙasa.

Wutar fulogi tana da nata ciwon zafin. Kwil naɗi ne na siririyar waya mai dubban zagaye, kuma idan ya tsufa rufin wayar kan tsage. Da sanyi tsagar a rufe take, da zafi ta buɗe, wuta ta riƙa zurarewa. Bambancinsa da na mai ko salansa shi ne ƙarfin ba ya sauka sumul, da fizga yake tafiya, mota na tari tana jijjiga, wani lokaci ta yi harbi ta salansa. Hutunsa ma dogo ne, sai ƙarfe ya huce sosai, minti 20 ko rabin awa. Sensar da ke karanta juyawar inji ita ma takan yi haka da zafi, sai dai ita ta fi son kashe mota gaba ɗaya farat ɗaya.

Zafin injin kansa fa? Yawancin injina an yi su ne su yi aiki a wajen digiri 90. Idan lagireto ya toshe ko fanka ta daina juyawa, zafi ya haura, fetur ya fara fashewa kafin lokacinsa, za ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Ƙwaƙwalwar motar, wato na'urar da ke sarrafa mai da wuta, na jin wannan ƙarar sai ta jinkirta wuta don ta ceci fistin, jinkirin nan kuwa ƙarfi yake ci. Don haka duk lokacin da mota ta fara nauyi, kallon farko ya tafi kan allurar zafi. In ta haura, a tsaya, ba maganar lallaɓawa zuwa gari na gaba, kuma kada a buɗe murfin lagireto sai ya huce. Al'adarmu ta cire tamostat, wato bawul ɗin da ke tsare ruwan inji har sai ya yi zafi, da sunan wai na ƙasar sanyi ne gyaran gangar Auzinawa ce: ba ta wanke lagireton da ya toshe, sai dai ta sa inji ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ƙwaƙwalwa ta yi ta ƙara masa mai, fulogi su yi baƙi, indomi ta sha wahala.

Akwai guda ɗaya da hutu ba ya yi wa magani, kuma wannan kansa shaida ce. Idan altaneta ta daina caji, mota na ci gaba da tafiya a kan abin da ke cikin batir. Wuta na raguwa, famfon mai na rage gudu, tartsatsin fulogi na raunana, fitilu su dushe, rediyo ya ɗauke, waifa ta riƙa jan jiki. In ka kashe ta ba za ta sake tashi ba sai da turi ko da batirin aro. Mai wayarin zai gane cikin minti ɗaya da mita: batir a kashe wajen bolt 12.6, inji na aiki ya kamata ya nuna tsakanin 13.8 da 14.5. Abin da ya gaza haka, a duba bel da altaneta.

Wani lokaci kuma injin ba ruwansa. Ƙarfin yana nan, a hanya yake ɓacewa kafin ya kai ƙasa. Idan ka taka totur kukan inji ya tashi, allurar juyawa ta haura, amma maleji bai motsa ba, kuloci ne ke zamewa, kuma yana ƙara zamewa da zafi, da warinsa na ƙonannen fata. A otomatik, man giya da ya tsufa ko ya yi ƙasa yana kawo irin wannan, har ƙwaƙwalwa ta kulle motar a giya ɗaya don kare kanta. Birki ma na kamawa: fistin ɗinsa ya yi tsatsa ko robar bututunsa ta ruɓe ta ciki, mai ya shiga ya kasa komawa, yana zafi yana ƙara damƙewa. Na taɓa ganin motar da aka sauya wa famfo da fulogi da kwil, ashe tayar baya ɗaya ce ke riƙe da ita. Da an sa ta a furi a shimfiɗaɗɗen wuri an tura da hannu, ko an kai tafin hannu kusa da kowane rim bayan tafiya an ji wanda ya fi sauran zafi, da an huta da duk wannan kashe kuɗin.

Wani raguwar ƙarfin ma ba ciwo ba ne. Injin da ba shi da turbo yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk hawan mita 300, saboda iska na ƙara sirancewa. Jos tana sama da teku da kimanin mita 1,200. Tsohuwar mota cike da fasinja da buhuna da ta yi nishi a Hawan Kibo ba lalle ne tana neman makaniki ba.

Mutane kan ce a kai ta a sa mata kwamfuta. A kai, yana da amfani: motocin Amurka daga 1996 da na fetur na Turai daga 2001 duk suna da soket mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari. Amma kwamfuta alama take faɗa, ba ta nuna mai laifi. Lambar P0171 cewa take yi iska ta fi mai yawa, kuma hakan na iya zama famfo, ko filta, ko tsagaggen tiyo, ko sensar iska da ƙura ta rufe. P0300 mis ne a silinda daban-daban, P0420 kuma tukunyar indomi ce ba ta tacewa yadda ya kamata. Mai na'urar da ya karanta lamba ya ce a sayo sensa, ya goge fitila ya karɓi kuɗinsa, bai yi rabin aikin ba. Amfanin na'urar na gaske shi ne a bar ta a jone a hau titi, a kalli awon mai da zafi da caji a daidai lokacin da motar ta fara gajiya.

Mu koma kan tsufan da na ajiye. Babban mai cin injinmu ƙura ce. Filtar iska a hunturu takan cika cikin 'yan makonni, mu kuma maimakon canji sai a kai wa mai faci ya hure ta da iska mai ƙarfi, takardar ta yayyage ta inda ido ba ya gani, ƙura ta wuce kai-tsaye ta riƙa goge ringi da bangon silinda kamar sanfefa. Alamun su ne shuɗin hayaƙi, baƙin mai na raguwa ba yoyo, da wahalar tashi da safe. Kafin kowa ya ce a sauke inji, a auna kamfireshan na kowace silinda. Lafiyayyu kan ba da psi 150 zuwa sama a yawancin injinan fetur, kuma bai kamata su bambanta da juna da fiye da kashi 10 cikin 100 ba. Wadda ta yi ƙasa a zuba mata cokali ɗaya na baƙin mai ta ramin fulogi a sake aunawa: in awon ya tashi ringi ne, in bai motsa ba bawul ne ko gasket.

Duk wannan binciken rabinsa a bakin direba yake, domin shi kaɗai ne ya ga abin da ya faru. "Ba ta ja" ba bayani ba ne. Abin da makaniki ke buƙatar ji shi ne bayan minti nawa take farawa, sumul ƙarfin ke sauka ko da fizga, ina allurar zafi take a lokacin, mai nawa ne a tanki, kukan inji na tashi ko shaƙewa yake yi, kuma hutun minti nawa ke dawo da ita. Sannan a sayi mai, a ɗauki makanikin da gejinsa na mai a jone, a hau titin Zariya da rana tsaka a yi ta tafiya har ciwon ya fito da kansa. Man da za a ƙona a wannan zagayen bai kai kuɗin famfo ɗaya na Beljiyam ba.